Ƙanƙarar Turaif da Babban Yatsan Yaya Lurwanu

Duk ɗan uwan da ke zaune a Makka aka ce masa za a tura shi aiki arewacin ƙasar nan, ya daure ya karanta wannan kafin ya ɗaure jakarsa. Sunana Sagiru, sana'ata shimfiɗa tayil, kuma abin da zan ba da labari a ƙafar yayana ya faru. Ni na yi jinyar ƙafar nan tun daga ranar da ta yi fari fat. Ban iya tsara magana irin ta malamai ba, yadda ta zo mini haka zan zuba ta.

Ni da Yaya Lurwanu uwa ɗaya uba ɗaya muke, mutanen Gezawa. Shi ya riga ni zuwa Makka da shekaru, shi ya nemo mini takardar aiki, shi kuma ya koya mini sana'ar da duka da zagi. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Nakkasa, can saman tudu. Wanda bai san aikinmu ba zai zaci da hannu muke cin abinci. To da ƙafa ne. Mai tayil a tsugune yake yini, diddige a sama, duk nauyin jikinsa a kan babban yatsa, yana jan jiki daga wannan layi zuwa wancan. Ranar da yatsan nan ya tafi, sana'a ta tafi, kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka, ba zai sabunta maka igama ba, takardar izinin zama ke nan, sai dai ka tattara ka koma gida. Yaya kuwa yana da mata da yara a Gezawa, da tsohuwarmu, duk shi suke kallo.

Kafilinmu ya samu kwangilar wani gida a Turaif, gari ne a ƙarshen arewa, bakin iyakar Jodan. Ƙarshen watan Fabrairu ne, a Makka har an fara kunna na'urar sanyaya ɗaki da rana. Na tambayi mai kula da ma'aikata ko akwai sanyi a can, ya kaɗa hannu ya ce ɗan kaɗan ne, ya ma kusa wucewa. Na ce wa Yaya mu sayi takalma sau-ciki da safa mai kauri. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi da ya yi aiki a Jos wane sanyi za a nuna masa. Da silifa muka hau mota, kowa da rigar sanyi ƙwaya ɗaya.

Kwanakin farko sanyi ne mai shiga ƙashi, amma ana iya aiki. Muna ganin mutanen garin cikin wata ƙatuwar riga mai gashin tumaki daga ciki, farwa suke ce mata, muna yi musu dariya, Yaya yana cewa ga mutane sun yafa katifa suna yawo. Mu biyar ne a cikin ginin da ba a gama ba, tagogi ma leda aka manna musu. Muna da risho na girki da wani abin ɗumama ɗaki mai kananzir da suke kira daffaya.

Ranar da abin ya zo, iska ce ta fara ɗaukewa cak. Sama ta sauko ƙasa-ƙasa, ta yi launin toka. Bayan azahar ina yanka tayil a bakin ƙofa sai na ga wani farin abu ya sauka a hannun rigata, wani ya biyo shi. Ba ƙara, ba tsawa, ba komai. Ni duk rayuwata ruwan sama da hayaniya na san shi, wannan kuwa shiru yake zuba. Muka watsar da aiki muka fito kamar yara. Yaya, mutumin da ko murmushi sai an roƙe shi, ya buɗe baki sama yana tarar dusar ƙanƙara da harshe. Muka yi ta ɗaukar hoto muna turawa gida. A kan titi 'yan gari sun fito da motoci, wasu har sun gina raƙumi da ita sun ɗaura masa rawani. Wallahi ranar mun yi murna, ba zan ɓoye ba.

Da gari ya waye murna ta koma ciki. Ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da muka haɗu muka tura. Ƙanƙarar ta kai ƙwauri, kuma ba ta fasa zuba ba, iska ta dawo tana watsa mana ita a ido. An ɗauke wuta, an rufe hanya, shagon da muke sayen burodi a kulle. Ruwan da muka bari a bokiti ya zama dutse. Na kama ƙarfen ƙofa da jiƙaƙƙen hannu, fatar ta manne. Sanyin nan ba irin wanda muka sani ba ne da ake rawar ɗari a sha shayi ya wuce. Haƙori yake sa wa ciwo, numfashi ma sai ka ji yana yankar maƙogwaro.

Famfo ya ƙi kawo ruwa, domin bututun da ya sauko daga tankin saman gini ya daskare. Sauran abokan aikinmu suka ce a narka ƙanƙara a tukunya a lallaɓa, wanda bai samu ba ya yi taimama. Yaya ya ce kananzir ɗin da ya rage ba zai ishe mu narke-narke ba, kuma shi ba zai yi taimama da tanki cike a bisa kansa ba. Duk wanda ya san Yaya ya san in ya ce zai yi abu an gama. Ya tafasa buta, ya ɗauki guduma, ya hau sama da silifa da wata siririyar safa.

Bututun ya narke, amma ashe ƙanƙara ta riga ta tsaga shi. Ruwa ya ɓalle ya wanke masa ƙafar dama. Wani zai sauko ya canza safa. Shi sai ya tsaya wai kada tanki ya tsiyaye mu rasa duka, ya yi ta naɗa roba yana ɗaurewa, iska tana dukansa. Na hau na kira shi, ya kore ni. Na sake hawa, ya ce in na ƙara dawowa zai jefe ni da gudumar. Da ya sauko har yana alfahari, ya ce da farko ƙafar ta dame shi da zugi amma yanzu ta yi lafiya lau, ko alamar ciwo babu.

Da ƙyar muka raba safar da fata. Yatsun sun yi fari, sun yi tauri kamar kyandir. Muka yi abin da kowane Bahaushe zai yi in sanyi ya kama mutum: muka murza da man zafi, muka matso da ƙafar jikin daffaya. Mu muka fara jin ƙaurin fata, shi yana zaune yana shan shayi bai ji komai ba.

Allah ya jiƙan iyayen wani dattijo maƙwabcin ginin. Ya tako cikin ƙanƙarar nan da barguna da dabino, wai ya tuna akwai baƙi a kango. Yana ganin ƙafar ya saki salati, ya shure daffayar gefe, ya tuɓe farwarsa ya naɗe Yaya a ciki. A bayan motarsa ya kai mu asibiti, tana zamewa yana dannawa a hankali. Har yau ban san sunansa ba, Abu wane kawai na ji ana kiransa, wato baban wane.

Asibitin ya cika maƙil. Ga waɗanda motoci suka kife da su, ga yara masu tari, ga wasu iyali da suka kunna gawayi suka rufe ɗaki hayaƙi ya sumar da su. Duk da haka ba mu daɗe a layi ba, domin wani likita ɗan Sham yana wucewa ya kalli ƙafar ya ce a shigo da shi. A duwatsun ƙasarsu ya saba ganin irin wannan. Ya sa aka kawo ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, irin wanda za ka yi wa jariri wanka da shi, aka tsoma ƙafar. Can sai Yaya ya fara ihu. Ni tun da nake ban taɓa jin kukan Yaya ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Na ruɗe na ce a cire, likitan ya riƙe ni ya ce in gode wa Allah, naman da ke ciwo shi ne mai rai. Gwajin jini kuma ya fito da wani sabon labari: Yaya yana da ciwon suga, bai sani ba.

Cikin 'yan kwanaki ƙafar ta kumbura ta yi bororo. Ƙananan yatsu biyu na gefe suka dawo da launinsu. Babban yatsa da biyun da ke binsa kuwa suka yi shuɗi-shuɗi, daga nan suka fara baƙi. Likita ya ce mu zauna a wurinsa ya ga yadda za ta kaya.

Zaman ne bai yiwu ba. Mutumin da ke gadon kusa da mu, wani direba baƙo, ya cika, aka ce a nan Turaif za a rufe shi. Tun daga lokacin Yaya ya daina cin abinci. Ya jawo ni kusa ya ce, "Sagiru, shekara da shekaru ina jin kiran sallar Harami daga ɗakina. In mutuwa ce, a can za a sallace ni, ba a cikin ƙanƙara ba." Na ce masa babu wanda ya yi maganar mutuwa, yatsa ake magana. Bai ji ba. Ga kuma Gwaggo Asabe a waya safe da yamma. Ƙanwar mahaifinmu ce, ta zo aikin hajji tun muna yara ta zauna, tana unguwar Utaibiyya. Cewa take a kawo mata ɗanta, ranar Makka kaɗai ta isa ta tsotse sanyin da ya shige shi.

Yaya ya sa hannu ya sallami kansa. Likitan bai yi faɗa ba. Ni ya kama wa riga a bakin ƙofa, ya yi mini magana a hankali yadda Larabcina zai ɗauka. Ya ce, "Kada a murza. Kada a gasa. Kada a yi gaggawar yankewa. Baƙin nan da kake gani, wani lokaci a sama kawai yake. Sanyi ba ya nuna iyakar abin da ya ci sai bayan watanni." Ya sa na maimaita masa har ya tabbata na riƙe.

Da aka buɗe hanya muka hau motar haya, ƙafar a naɗe da auduga a kan cinyata. Muna yin kudu ƙanƙara tana raguwa a gefen titi har ta ɓace. Kafin mu kai Madina mutane sun tuɓe rigunan sanyi, Yaya kuma yana cije leɓe saboda zugi.

A Nakkasa goya shi na yi har ɗaki, ina hawa ina tsayawa. Washegari da za mu asibiti na sake goyo shi na sauko, na ce wannan ba za ta ɗore ba. Muka koma gidan Gwaggo, ta share masa falonta ta koma kwana a ɗan ɗakin ajiya.

Makon farko a Makka, masu dubiya ne suka kusa kashe ni. Allah ya saka musu, sun zo da lemo da addu'a, amma kowa da maganinsa a aljihu. Wannan ya ce zuma da habbatus sauda. Wancan ya ce a ƙunsa lalle. Wani ya rantse kitsen raƙumi ne kaɗai, wata ta ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, wani abu ya taka a wancan kangon. Wani kuma ya zauna a gaban mara lafiya yana ba da labarin ɗan uwansa da aka yi jinkirin yanke wa yatsa har aka cire ƙafar daga gwiwa. Ban san lokacin da na nuna masa ƙofa ba. Daga ranar aka sa mini suna askari, wato ɗan sanda, domin duk wanda ya miƙa hannu wajen bandejin sai na buge shi.

Asibiti kuma nasa daban. Inshorar kafili wuri ɗaya ta yarda da shi, a can ma sai a turo ka wannan taga, ta ce ba nan ba ne, ka koma waccan a ce mai hatimi ya tafi salla. Ka fito da sassafe ka dawo bayan azahar, mara lafiya a keken guragu yana jin yunwa. Abin da muka tara don aika wa gida, tasi da auduga da maganin suga suka cinye. Amma likitan da muka samu, wani matashi ɗan Masar, mutumin kirki ne. Ya daɗe yana duba ƙafar, sannan ya faɗa mana gaskiya: shi cizon ƙanƙara a littafi kawai ya san shi, wa zai kawo masa irinsa a Makka? A saninsa baƙin yatsa a jikin mai suga ba a kwana da shi. Na gaya masa abin da ɗan Sham ya ce. Bai raina ni ba, ya nemi asibitin Turaif a waya a gabanmu, suka daɗe suna magana. Da ya ajiye ya ce za a jira, da sharaɗi. Ya ɗauki biro ya zana layi a bayan ƙafar, sama da gindin yatsu. Muddin baƙin ya zauna a bushe, babu wari, babu zazzaɓi, kuma ja bai ƙetare layin nan ba, ba zai taɓa ba.

Haka muka shiga jira. Kullum da safe in wanke hannu, in kwance bandeji, in goge, in sa auduga tsakanin yatsu, in duba layin biro, in ya dushe in sake bi. Ƙafa a kan matashi, salla a zaune. An hana shi shinkafa mai yawa da shayi mai sukari, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Yaya ya zama mafaɗaci. In na kawo ruwa ya ce ya yi sanyi, in na canza ya ce na daɗe. Wata rana ya wurgo mini kofi. Na fita waje na tsaya a jikin bango har zuciyata ta sauka, na dawo na ɗauke kofin, domin na san ba da ni yake ba. Mutum ne da bai taɓa yini a kwance ba, ga shi yana kallon yatsunsa suna ƙanƙancewa suna bushewa kamar busasshen dabino.

Gwaggo kuwa abin yana cinta. Ku fahimce ta. Matar nan babu mai jegon da ba ta yi wa wanka ba a unguwar, babu mai targaɗe ko ciwon baya da bai zo ta gasa masa ba, kuma suna warkewa. A wurinta lissafin a fili yake: sanyi ne ya shiga, zafi ne zai fitar da shi. Sai ga yaron da aka haifa a gabanta yana hana ta taɓa ɗan yayanta a cikin gidanta. Takan tsaya a bakin ƙofa ina ɗaure bandeji ta ce auduga dai, auduga dai, har yaushe auduga ta taɓa warkar da wani.

Wajen wata guda kafili ya ce haƙurinsa ya kai, ko ɗaya daga cikinmu ya fito aiki ko ya nemi wasu. Na koma aiki, ina fita da safe in dawo la'asar. Kwanakin nan sai na ga Yaya ya sake, har yana tsokanata, yana cewa ƙafar ta yi masa sakayau. Na ji daɗi. Abin da ya fara ba ni tsoro ɗaurin bandeji ne. Ni ta hagu nake zagayowa, ran nan na tarar an zagayo ta dama. Ina kwancewa wari ya buge ni. Yatsu biyun nan sun jiƙe sun yi laushi, ja kuma ya haye layin biro. Na taɓa goshinsa, zafi rau.

Ashe tun ranar da na koma aiki ake yi. Ina fita Gwaggo za ta ɗora ruwa da gishiri da citta, ta tsoma tawul ta gasa ƙafar, kuma Yaya ne da kansa ya roƙe ta. Abin da na faɗa wa Gwaggo a ranar ba zan rubuta shi ba. Maƙwabta sun ji. Ita kuwa tana tsaye da tawul ɗin a hannu.

Aka kwantar da shi, aka ɗaura ƙarin ruwa da allurai. Likitan tiyata ya zo ya ce yatsu biyun sun ruɓe, yau za a cire su. A ra'ayinsa ma a haɗa da babban, a yanke daga tsakiyar ƙafa a huta, kada a yi aiki biyu. Ɗan Masar ya ce babban har yanzu a bushe yake, ruwan bai ci shi ba, a ba shi lokaci, amma akwai kasada, in ruɓar ta kama shi za ta iya hawa sama. Suka ce mai ƙafa ya zaɓa.

Yaya ya juya fuska bango ya ce a cire duka, ya gaji. Na roƙi likitocin su ba mu wuri. Na tsuguna a gaban gadon, irin tsugunon aiki, na ce ya dube ni. Na ce, "Yaya, dubi ƙafata. A kan me nake zaune?" Ya kalla. Na ce, "Kai ka koya mini wannan. In aka cire shi, me za ka je ka yi a Gezawa?" Ya ce in kuma ƙafar duka ta tafi fa, ni zan ba shi tawa? Na ce ba ni da amsar wannan, tsoro nake ji kamar yadda yake ji. Can ya share fuska da bargo ya ce in kira su, a cire biyun a bar masa ɗayan.

An yi aikin lafiya, zazzaɓi ya sauka, jan ya ja da baya. Kwanakin da muka yi a asibiti ban ga Gwaggo ba, ban kuma neme ta ba. Sai wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko tsohuwar da ke yini a kan benci a waje tamu ce. Na fita na same ta a ƙarshen baranda, ta rame, da fulas a cinya. Kullum tana zuwa, ba ta iya shiga. Ta miƙo mini fulas ɗin ta ce kunu ne, ba ta sa sukari ba. Sannan ta buɗe tafin hannuwanta tana kallo ta ce, "Da hannun nan na yi jinyar ubanku. Ban taɓa sanin akwai ciwon da zafi ke ƙara wa ba, Sagiru. A ina zan sani?" Gaskiyarta ne, a ina za ta sani? Mu ma da muka kai ƙafar jikin daffaya ba mu sani ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri, muka yi kuka tare, na kama hannunta na shigar da ita.

Da muka koma gida sai askari ya zama biyu, kuma sabon ya fi tsohon zafi. Gwaggo ta ajiye kujera a bakin falo. Duk wanda ya zo da ƙulli a hannu sai ya ajiye shi a waje kafin ya shiga. Wata ƙawarta ta kawo wani mai daga Madina, ta ce mata ta shafa wa nata yatsun. Ta sa na koya mata ɗaurin bandeji, ta ƙware har tana gyara mini.

A nan zan roƙi duk mai karatu. In an tura ka arewa, ko a ƙarshen sanyi ne, sayi takalmi da safa, kada ka ji kunya. In ƙafa ta jiƙe a cikin ƙanƙara, bar duk abin da kake yi. In ta daina ciwo, ba sauƙi ba ne, asibiti za ka nufa. Kuma ka zauna a hannun likitocin da suka saba da ciwon. Dattijon Turaif, da ɗan Sham, da ɗan Masar, da 'yan uwan da suka yi ta zarya, Allah ya biya ku da abin da ba za mu iya ba.

Babban yatsa dai ya zauna yadda yake, baƙi ƙirin, ƙanƙararre, mako yana bin mako. Zafin Makka ya dawo sosai, har an fara maganar azumi. Duk zuwanmu asibiti ɗan Masar ya ƙwanƙwasa shi da bayan biro ya tambayi Yaya ko ya ji, Yaya ya girgiza kai. Kafili ya aiko cewa igamar Yaya ta kusa ƙarewa, yana son ya san matsayi. Ni kaina na fara tunanin ko wahalar banza na ja masa. Yaya ya daina tambaya, ya daina ma kallon ƙafar, in zan kwance bandeji sai ya ɗora hannu a ido.

Wata safiyar Juma'a ina goge gefen yatsan sai na ji abu ya motsa. Kafin in janye hannu, baƙin gaba ɗaya ya zame ya faɗo a tafina, da farcen da komai. Na dunƙule hannu na ɓoye a bayana, ina tunanin da wane baki zan gaya masa yatsan ya cire. Na kasa kallon ƙafar. Gwaggo ce ta taso daga kujerarta ta sunkuya, ta daɗe, sannan ta daki kafaɗata ta yi mini nuni.

Abin da ke hannuna ɓawo ne, fanko. A jikin ƙafar ga yatsa nan, ja jawur, ya ɗan gajarce, babu farce, fatarsa sabuwa tana sheƙi.

Yaya yana kwance da hannu a ido, bai san abin da ake ciki ba. Na ɗauki auduga, na shafa ƙarƙashin yatsan a hankali. Ya fizge ƙafar har ya kusa shurina a baki.

"Kai Sagiru, wane irin shashanci ne wannan? Cakulkuli kake mini?"

Ya sauke hannun daga ido, ya dube ni, ya dubi Gwaggo da ta toshe baki da mayafi. Ya yunƙura ya tashi zaune, ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya miƙo mini ita a hankali.

"Sake taɓawa," in ji shi.